Darasi na Bakwai: Idan Babur Ya Ƙi Tashi Saboda Mai

Injin babur ba ya tashi sai abu uku sun haɗu a cikinsa, wato mai da iska da wutar buji. Wannan darasi a kan mai yake, domin a garin da ƙura take da yawa kamar Damagaram, kuma mutane da dama suke shan mai daga kwalba a bakin hanya, sau da yawa a nan matsalar take. Mai yana fita daga tanki, ya bi ta makunni, wato abin da ake murɗawa a buɗe mai ko a rufe shi, ya ratsa tiyo da ƴar matatar da ke jikinsa, ya sauka a karbireta, inda yake gauraya da iska kafin ya shiga inji. Wanda ya san wannan hanya zai bi ta daga sama zuwa ƙasa har ya gano inda man ya tsaya, maimakon ya yi ta taka kik har ƙafarsa ta yi tsami.

Kafin a taɓa komai, a tura babur zuwa fili mai iska, nesa da murhu da garwashin shayi da mai shan sigari. Tururin fetur ya fi iska nauyi, saboda haka yana bin ƙasa har ya kai ga wutar da mutum yake ganin tana nesa. Idan dare ne a haska da tocila, kada a kuskura a ƙyasta ashana don leƙa tanki.

A fara da tanki, kuma kada a dogara da allurar da ke nuna yawan mai, don tana iya maƙalewa. A buɗe murfi, a girgiza babur, a saurara. Idan akwai mai, sai a duba makunni, wanda yawanci yake da rubutu uku a jikinsa: ON yana nufin a buɗe yake, OFF yana nufin a rufe yake, RES kuma shi ne ɗan man ajiya da ke ƙasan tanki. Duk wanda ya iya karanta waɗannan haruffa ba zai tura babur daga Birni har Kasuwar Dole ba alhali makunni ne kawai wani yaro ya murɗa. Wasu baburan ba su da makunnin hannu. Nasu yana buɗewa ne da kansa idan inji yana juyawa, ta hanyar wani siririn tiyo da yake zuƙar iska, kuma zafin watan Afrilu da Mayu yana busar da robar har ta tsage. Idan ta tsage, mai ba zai sauka ba ko da tanki cike yake.

Murfin tanki ma yana da ɗan rami da iska take shiga don ta maye gurbin man da ya fita, kuma ƙurar hunturu tana toshe shi. Alamar wannan ita ce babur ya yi tafiya kaɗan ya mutu, da an buɗe murfin a ji iska ta shiga da ƙara, sannan ya tashi kamar ba abin da ya faru.

Gwajin da ya fi kowane amfani shi ne na kwalba, kuma ya kamata kowane mai babur ya iya shi. A ƙasan karbireta akwai ɗan kwanon da mai yake taruwa, a gindinsa kuma akwai sukuru guda na zubar da mai. A samo kwalba mai haske wadda ta bushe sarai, a tara ta a ƙarƙashi, a sassauta sukurun da sukudireba ba tare da an cire shi gaba ɗaya ba. Idan babu abin da ya fito, ko ya fito ɗis-ɗis, to man bai iso karbireta ba, sai a koma a duba matata da tiyo, ko ya lanƙwashe ko ya toshe. Idan ya zubo sosai, a ɗaure sukurun, a ajiye kwalbar ta natsu, sannan a ɗaga ta wajen haske. Ruwa ya fi fetur nauyi kuma ba sa haɗuwa, don haka za a gan shi kwance a gindin kwalba, wani lokaci ɗigo ɗaya ne mai zagaye da yake gangarawa idan an karkata ta. Jan gari a ƙasa tsatsar tanki ce, yashi kuwa ba ya ɓuya. Ɗigon nan da ake rainawa ya isa ya hana babur tashi, domin daga gindin kwanon inji yake zuƙa, ta wani rami da bai kai kan allura faɗi ba. A ci gaba da zubarwa har man ya fito tas, in kuma ruwan ya ƙi ƙarewa, to a tanki yake, sai a juye tankin duka. Kada a zuƙi mai da baki, kuma kada a bar kwalbar inda yaro zai ɗauka ya sha. Idan hakan ya faru, ba a sa shi amai, domin man yana iya shiga huhunsa. A kai shi asibiti nan take.

Tun shekarar 2011 ake tace mai a matatar SORAZ da ke arewa da gari a kan hanyar Tanut, akwai kuma wanda ake kira ruwa-ruwa, na kwalba da jarka. Ko daga ina man ya fito, datti ya fi shiga ne wajen juye-juye, daga durum zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba, ta mazurarin da ya wuni a buɗe cikin ƙura, da damina kuma ruwan sama ya samu hanya. Mai sayarwa neman halalinsa yake, kuma a ƙauyukan da babu gidan mai shi ne madogara, amma haƙƙin mai saye ne ya ɗaga kwalba ya duba, ya kuma nemi a tace da tsumma mai tsabta. Idan ana zargin an gauraya da kananzir ko gazuwal, a ɗiga kaɗan a farar takarda. Fetur tsantsa yana bushewa da sauri bai bar komai ba, gauraye kuwa yana barin tabon maiƙo.

Idan mai mai kyau ya iso karbireta amma babur bai tashi ba, a taka kik kamar sau biyar, sannan a kwance buji a dubi bakinsa. Idan a bushe yake, man ya tsaya a cikin karbireta. Idan a jiƙe yake yana warin fetur, man ne ya yi yawa, ko kuma buji ba ya ba da wuta. Yawan mai yakan biyo bayan barin cok a ja (cok shi ne abin da ake ja don inji mai sanyi ya samu ƙarin mai), ko yawan murɗa totur, ko soson iska da ƙura ta cushe. A goge buji ya bushe, a mayar da shi, a saki cok, a buɗe totur har ƙarshe, a taka kik. Cok na sanyin safiya ne a watan Disamba da Janairu, kuma da inji ya ɗumama ake mayar da shi.

Wanda zai ajiye babur ya tafi cirani ko aikin gona na watanni, ya rufe makunni ya bar inji yana aiki har ya mutu da kansa, saboda man da ya daɗe a kwano yana zama danƙo ya toshe ramukan. Idan kuma aka ga mai yana tsiyaya daga karbireta alhali babur yana tsaye, a rufe makunni, a shinshina baƙin mai. In yana warin fetur, a canza shi kafin a tayar da inji.

Buɗe cikin karbireta aikin makaniki ne, kuma kuskure ne babba a zura allura ko waya a ramukanta, don da ramin ya faɗaɗa babur zai riƙa shan mai fiye da ƙima. Haka nan sababbin baburan da ba su da karbireta, waɗanda ake jin famfonsu yana ƙara a tanki idan an murɗa makulli, a bar su ga wanda ya san su. Abin da gwajin gida yake ƙarawa shi ne mutum ya je garaji da bayani a bakinsa, ya ce: "Malam, akwai mai a tanki, yana saukowa har kwano, babu ruwa a ciki, amma buji a bushe yake." Makanikin da ya ji haka ya san inda zai sa hannu, kuma ba za a sayi kayan da ba a bukata ba.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya rubuta ON da OFF da RES a littafinsa tare da ma'anarsu, ya nemi baburin gida ko na maƙwabci da izinin mai shi, ya gano makunni da matata da sukurun zubar da mai. Malami zai zo da kwalba biyu, ɗaya da mai tsantsa, ɗaya da cokali guda na ruwa a ciki, kowa zai ɗaga ya faɗi wadda take da ruwan.