Kurakuran da aka fi yi da batirin kwale-kwale mai inji

Masu kwale-kwale a dam ɗin Zobe da Jibiya har da Sabke can wajen Daura, musamman waɗanda injinsu na makulli ne ba na jan igiya ba, da zarar inji ya ƙi tashi sai kawai a ce batir ya mutu a je a sayo sabo, alhali sau da yawa batirin lafiyarsa lau, mu ne muka jibga masa kayan da ba nasa ba.

Babban kuskuren kenan. Batir ɗaya, a jona masa fitila, a jona cajar waya, ga famfon kwashe ruwa, duk dare suna zuƙa, da asuba kuma a ce ya tada inji. Batirin tada inji an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu, in ana barinsa yana sauka ƙasa kullum farantan cikinsa lalacewa suke yi. Gyaran ba wuya, a bar shi da wayoyi biyu kacal, ja da baƙa, masu kauri, kai tsaye zuwa inji. Sauran tarkacen a nema musu batirinsu daban ko da ƙarami na sola ne, a sa fiyus kusa da kan jan. Kuma don Allah kada a haɗa tsoho da sabo wuri ɗaya wai don ƙarfi ya ƙaru, tsohon ne zai shanye sabon.

Sai kan batir. In ka murɗa makulli ka ji ƙas ƙas ba tashi, duba nan tukuna, za ka ga farin gari ko kore ya taru, ko ka tarar an cusa ƙusa don kan ya kama. Cire baƙar waya da farko, ka goge da sanfefa har ƙarfe ya fito, ka ɗaure noti da sifana ba da yatsa ba, sannan ka shafa basilin.

Wanda ya fi damuna shi ne cire kan batir inji na aiki, wai a gani ko yana caji, ko a ara wa wani ya tada nasa. Wallahi wannan yana ƙona rektifaya, wato na'urar da ke gyara wutar inji ta caja batir, daga nan caji ya tsaya, kai kuma ba ka sani ba sai a tsakiyar ruwa. Mitar auna wutar batir ce ke faɗin gaskiya, ko ta mai rewaya ce a ara. Cikakken batir da ya huta zai nuna volt 12.6, in an tada inji an ɗan ba shi wuta ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5, in bai motsa ba matsalar a caji take. Kuma ƙananan injuna cajinsu kaɗan ne, gajeren zuwa ɗaga raga ba ya cika batir, a riƙa kai shi caji.

Zafin Maris da Afrilu na ƙafar da ruwansa, in mai murfi ne a ƙara ruwan batir, wato tataccen ruwan nan na distil, banda asid banda ruwan dam. A sa shi cikin akwati a ɗaure a sama da inda ruwa ke taruwa, nesa da jarkar fetur, don tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara.