Shawara ga 'yan Nijar masu zuwa Winnipeg

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Winnipeg ta ƙasar Kanada, in Faransanci ya fi zama a bakinsa, to ya nemi masauki a unguwar Saint-Boniface. Garin na masu Turanci ne, amma ita wannan unguwa, da ke tsallaken Jan Kogi daga tsakiyar gari, cibiyar masu Faransanci ce tun da daɗewa.

Ku fara da ofishin Accueil francophone, su ne ke tarbar baƙi, su taimaka da neman gida da cika takardu. Akwai babban asibitin Saint-Boniface, akwai jami'ar da ke koyarwa da Faransanci, yara kuma a nema musu gurbi a makarantun DSFM, wato hukumar makarantun Faransanci ta lardin Manitoba inda Winnipeg take. Wannan na yaran shi ya fi damuna, domin yaron da ya saba da Faransanci a Yamai ko Maraɗi ba ƙaramar wahala yake sha ba in aka jefa shi ajin Turanci kai tsaye.

Amma don Allah kada ku yi sake da koyon Turanci. Ko a titin Provencher, babban titin unguwar, za ku ji shi ko'ina, yawancin ayyuka ma da shi ake samu. Ku shiga aji tun watan farko.