Yadda ake amfani da "inda aka binne cibiyata"

Shekarata talatin a Tudun Wadar Zariya, amma in aka tambaye ni gida, ƙauyenmu na bakin kogin Galma nake ambata, in ce can aka binne cibiyata. Ɗalibaina sukan tambaye ni abin da nake nufi, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta.

Maganar daga ɗakin mai jego ta fito. Ungozoma takan yanke cibiya, ta wanke mabiyiya, wadda mata ke kira uwar tafiya, a haƙa rami a bayan ɗaki a binne ta. Ka ga tun kafin ka fara rarrafe, wani abu na jikinka ya riga ya shiga ƙasar nan. Don haka in mutum ya faɗe ta, yana nufin shi da wurin jini ya haɗa su.

Wajen faɗi, ka lura da mai cibiyar: cibiyata, cibiyarka, cibiyarki, cibiyarsa. Wasu kan ce "inda aka yanke mini cibiya", duk ɗaya ne, sai dai ni na fi jin nauyin "binne", don ita ce ke taɓa ƙasa.

Kada ka ɗora ta a kan wurin da zama kawai ya kai ka. Wanda ya shekara ashirin yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru mazauninsa ce, cibiyarsa tana can inda ya baro. Kuma ba a faɗin ta a hirar shayi don ƙawata zance. Ana ajiye ta sai an zo maganar gonar gado, ko rabon gandu, ko inda dattijo yake so a kai shi in ya tsufa.

Na ga aikinta da idona. Wani dillali ya zo wa Baffana da kuɗi masu kauri, yana son fadamarmu ta rake. Baffa ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Yaro, nan aka binne cibiyata, nan aka binne ta mahaifina." Dillalin bai ƙara tayi ba, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," ya ɗauki takalmansa.

'Yata kuwa a asibiti aka haife ta, ta tambaye ni ko ita ma tana da ikon faɗi. Na ce mata tana da shi, muddin ta san iyakar gonar kakanta. Bana da kaka zan kai ta in nuna mata, daga gindin rimi har zuwa bakin ruwa.