Yadda Ake Shafa Fenti a Kan Tsohuwar Takardar Bango

Idan kuɗin ɓare tsohuwar takardar bango ya gagara, ana iya shafa fenti a kanta, muddin danshi bai kama ta ba. A fara goge ƙura, a manne duk gefen da ya ɗaga da gam, sannan a cike mahaɗar takardun a goge da samfefa. Kada a soma da fentin ruwa, domin yana jiƙa gam ɗin da ke ƙasa har takardar ta kumbura. Fentin mai ne ya dace a shafin farko, ko da ya fi tsada. A buɗe tagogi saboda warinsa, a bar shi ya kwana, sannan a shafa launin da ake so sau biyu.