Kafin ka haɗa kifi da jatan lande a tankin ruwan gishiri, ka san wa ke cin wa

Duk wanda ya shigo ɗakina nan Ƙofar Kaura ya ga tankin gilas ɗin nan tambayarshi ɗaya ce, nawa ka sayi wannan mai ruwan lemon. Ba wanda ya taɓa tambayata ya aka yi suke zaune lafiya, alhali nan aikin yake wallahi, don tankin murjani kamar gidan haya ne, in ka sa mafaɗaci ɗaya kowa ya shiga uku.

Farko dai kar ka sa komi sai ruwan ya nuna, wato ƙwayoyin halitta masu cinye dattin kifi sun yaɗu a ciki, sati 4 zuwa 6, ka gwada ka ga amoniya da naitirait, gubar da datti ke haifarwa a ruwa, sun koma sifili. Gishirin kuma na teku ne da ake haɗawa musamman, ba na miya ba, ma'aunin gishirin ruwan ya tsaya 1.025 zuwa 1.026.

To sai zaɓe. Tambaya ukku nake ma kowane kifi kafin in biya kuɗi: me yake ci, ya girmanshi zai kai, kuma yana da faɗa? Talibambam na teku da kifin tiriga haƙoransu na fasa ɓawo ne, kaguwa da dodon koɗi da jatan lande duk abincinsu ne, kifin zaki mai ƙayoyin dafi kuma duk abin da ya shiga bakinshi ya tafi. Yawancin kifin malam-buɗe-littafi murjanin kanshi suke tsattsaga. Shuɗin kifin tang da kowa ke so yana kai kusan santimita 30 kuma mai yawo ne, a tankin lita 150 zalunci ne kawai, ka haƙura da shi.

Ni wani ƙaramin kifi da ake ce ma damsal ne ya koya mani darasi. Shi na fara sa wa saboda arha da juriya, ya yi wata biyu shi kaɗai ya mallake duwatsun gaba ɗaya, ranar da na kawo wani ɗan siririn kifi mai jar wutsiya da ake ce ma fayafish, wanda ya sha doguwar tafiya cikin leda tun daga Legas, damsal ɗin bai bar shi ya huta ba, kora dai kora dai, da asuba na tsince shi a ƙasa kan tayil ya bushe. Abin ya yi mani ciwo sosai. Daga nan na riƙe abu biyu, masu sanyin hali su ake fara sa wa, mafaɗaci ya zo ƙarshe ko ma kar ya zo, sannan tanki ya zama da murfin raga don fayafish da kifin gobi suna tsalle in sun tsorata.

Kifin kilawun mai ruwan lemo da ratsin fari, wato Amphiprion ocellaris, shi ya fi dacewa da mai farawa, ka nemi wanda aka haifa a gona ba kamun teku ba. Ka sayi biyu ƙanana, ko ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya. Dalili kuwa ikon Allah ne, babban cikinsu shi ke rikiɗa ya zama mace, ƙaramin ya zauna namiji, in ka haɗa mata biyu manya faɗa ne har mutuwa. Kuma ba dole sai da animoni ba, wannan halittar mai yatsu da yake kwanciya ciki. Ita tana son tankin da ya kai kamar shekara da haske mai ƙarfi, tana yawo tana harbin murjani, wani lokaci ta faɗa cikin famfo.

Haɗin da na fi so shi ne gobi mai ruwan ɗorawa da jatan lande mai bindiga. Shi jatan landen bai gani sosai, shi ke haƙa rami yana turo yashi waje kamar lebura, gobin na bakin ƙofa yana gadi, kuma kullum gashin bakin jatan landen na taɓe da jikin gobin, da ya kaɗa wutsiya sai ka ga duk sun shige. Nakan zauna bayan isha'i ina kallonsu har shayina ya huce.

Masu shara kuma, dodon koɗi irin Trochus ya fi don in ya kife yana iya juyowa da kanshi. Kaguwa mai shiga katantanwa tana kashe dodon koɗi don ta gaje gidanshi, ka zuba mata ɓawo fanko masu girma daban daban. Jatan lande mai wanke kifi, Lysmata amboinensis, ba ruwanshi da kowa, amma ka saba mashi da ruwanka a hankali ɗigo ɗigo kamar awa ɗaya. Kuma don Allah maganin kifi mai jan ƙarfe kar ya taɓa babban tanki, yana kashe jatan lande da murjani duka, ka yi jinyar a ƙaramin tanki daban, can ma za ka killace sabon kifi kamar wata guda.

Sai zafin garinmu. Ruwan yana son digiri 25 zuwa 26, mu kuwa a Afrilu muna haura 40, ruwa in ya yi ɗumi iskar cikinshi raguwa take, ga ɗaukewar wuta. Shi ya sa nake cewa ka rage yawa, a lita 150 kilawun biyu da gobi da abokinshi da fayafish ɗaya sun isa. Ka sa fanka tana hura saman ruwan, famfo ya kasance kan sola ko inbata, abin da ya ƙafe kuma ka cika da tataccen ruwa mara gishiri don gishirin bai tashi da tururi. In za ka fara murjani ka fara da masu laushi irin wanda ake ce ma zowa, amma ka sa safar hannu, wasunsu na da guba mai haɗari, kar ka taɓa su da rauni a hannu ko ka kai hannun ido.