Kurakuran da na gaji da gani game da matsayar ɗabi'a da sauran duniyoyi a Dungeons & Dragons

A wannan wasa, inda kowane ɗan wasa ke taka rawar jarumi ɗaya a labarin da jagora ke gudanarwa, babu kalmar da ke ɓata teburin wasa kamar "ai haka halin jarumina yake." Sabon ɗan wasa zai zaɓi matsayar ɗabi'a, ya rubuta ta a takardar jaruminsa, daga nan sai ya ɗauka an ba shi lasisin yin abin da ya ga dama. Matsayar nan gidaje tara ce: layi ɗaya daga bin doka zuwa hargitsi, ɗaya daga alheri zuwa mugunta, kowanne da tsaka-tsakinsa. Wanda aka fi fakewa da shi shi ne gidan hargitsi wanda ba ruwansa da alheri ko mugunta.

Wannan kuskure ya taɓa rusa mini wasan da na daɗe ina shiryawa. Wani ya zaɓi wannan gida, ya fara da yi wa abokan tafiyarsa sata suna barci. Aka yi haƙuri. Ranar da suka sami ɗan aiken da ke ɗauke da sirrin da dukan labarin ya rataya a kansa, ɗan aiken bai gama buɗe baki ba, jarumin nan ya soke shi. Wata 'yar wasa ta ajiye fensirinta ta ce, "Haba ɗan'uwa, me ya yi maka?" Ya ɗaga takardarsa ya nuna mata gidan da ya cike. Daga ranar mutane suka fara kawo uzuri, har teburin ya watse. Wallahi har yau abin yana yi mini ciwo. Kai ne ka ƙirƙiri jarumin nan, kai ka zaɓar masa hali, to don me za ka kawo wanda babu mai hankalin da zai yarda ya kwana kusa da shi? Mai hargitsi mutum ne da ba ya son a ɗaure shi da doka, yana bin zuciyarsa, amma yana da abokai, yana da abin da yake tsoro. Wanda ke kashe marar laifi don nishaɗi mugu ne, ko me ya rubuta.

Ku tuna tsarin ma bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, matsaya uku ce kawai: doka, hargitsi da tsaka-tsaki. Gidaje tara sun kafu ne a 1978, bugu na huɗu ya rage su zuwa biyar a 2008, na biyar ya maido da tara a 2014. Masu Pathfinder, wani wasa irin wannan, kuwa sun cire shi gaba ɗaya a gyaran da suka yi a 2023. Ni abin da nake yi yanzu, ina hana kowa cike wannan gida a zaman farko. Kowa ya faɗa mini abin da jaruminsa ba zai taɓa aikatawa ba, da wanda zai iya mutuwa dominsa, da dalilin da zai sa sauran su riƙe shi a tafiya. Bayan an yi 'yan zama, mu duba abin da ya aikata, mu rubuta da fensir. Wasu jagorori ba su yarda da wannan ba. A teburina haka ake yi.

Akwai kuma faladin, wato jarumi mai ƙarfin da ke fitowa daga rantsuwarsa, da ya mayar da kansa ɗan sandan teburi, yana ganin bin doka shi ne yi wa kowane azzalumin sarki biyayya. Rantsuwarsa yake bi, ba kowace doka ba. Jagoran da ke haƙa masa rami don ya ƙwace ƙarfinsa, shi ma ya daina. Mai tsaka-tsaki ba sai ya yi sata yau don ya yi kyauta jiya ba. Sihirin gano alheri da mugunta a bugu na biyar irin halitta yake nunawa, kamar matattu masu yawo da halittun ƙasan duniyoyi, ba ya karanta zuciyar ɗan kasuwa.

Kuskure na biyu na jagororin wasa ne, kuma ya fi ba ni haushi don ɓarnar kaya ce. A kai jarumai wata duniya, sai ka tarar kurkukun nan ne na kullum, an dai sauya masa fenti, sama ta koma ja, dodanni sun ƙara ƙaho. Haba! Duniyoyin waje goma sha shida ne a jere kamar ƙafar keke, da Outlands, duniyar tsaka-tsaki, a tsakiya, kowacce ɗabi'a ce ta zama ƙasa da iska. Mechanus manyan haƙoran inji ne masu juyawa, mazaunanta modron ba su san saɓa umarni ba. A Limbo ƙasa da wuta da ruwa a cakuɗe suke, sai mai ƙarfin zuciya ya tsayar da wurin da zai taka da tunaninsa. Hades ba ta ƙone ka, a hankali take tsotse launi da buri daga jikinka har ka daina son tafiya. A Dutsen Celestia mai hawa bakwai, ƙafa kaɗai ba ta kai mutum sama, sai halinsa ya cancanta.

Wanda ya haɗa baatezu da tanar'ri, wato jinsi biyu na shaiɗanun wasan, a runduna ɗaya don duk mugaye ne, bai fahimci komai ba. Baatezu, mazauna duniyar Baator mai hawa tara, masu doka ne, da yarjejeniya suke kama mutum, su cika kowane harafi nata yayin da suke cutarsa. Tanar'ri, mazauna duniyar Abyss, ɓarna kawai suka sani. Yaƙin Jini da ke tsakaninsu ba ya ƙarewa, kuma nan ne wasa yake da daɗi, domin jarumai na iya samun kansu suna ciniki da mugu don su tsira daga wani mugun. Tsarin Planescape na 1994, wanda aka gina kan waɗannan duniyoyi, ya kai abin inda nake so: garuruwan da ke bakin Outlands, idan zukatan mazaunansu suka karkata sosai, garin kan zame ya faɗa cikin duniyar da ke maƙwabtaka da shi. Ka ba 'yan wasanka irin wannan gari su ceto, ka ga yadda gardama kan alheri da doka za ta zama ta rai da mutuwa. Al'adata ita ce kowace duniya in ba ta ƙa'ida ɗaya da ke taɓa jikin jarumi ko zaɓinsa tun daga saukarsa, in faɗe ta a fili, in kuma tsaya a kanta.

Duniyar wuta ba muguwa ba ce, tana cikin duniyoyin ciki tare da na ruwa da iska da ƙasa, abu ne zalla ba ɗabi'a ba, ko da yake Birnin Tagulla da ke cikinta ba wurin sakaci ba ne. Kada ku rikita Astral, hanyar zuwa duniyoyin waje, da Ethereal mai lulluɓe da duniyarmu kamar hazo. Ruwan kogin Styx, da ke ratsa duniyoyin mugunta, yana shafe tunani, ku gargaɗi 'yan wasa kafin wani ya tsoma hannu.

Sannan ku shirya hanyar dawowa kafin a tafi. A bugu na biyar, sihirin ƙaura tsakanin duniyoyi na mataki na 7 ne, kuma yana buƙatar sandar ƙarfe mai baki biyu, mai darajar kuɗin zinare 250 aƙalla, da aka daidaita da inda za a je. Idan jarumanku ba su kai nan ba, ku bi da su ta birnin Sigil, inda kowace ƙofa ko taga kan iya zama mashiga ga mai riƙe da mabuɗinta, kuma mabuɗin yana iya zama gashin tsuntsu ko wata kalma da za a furta. Ku ajiye mabuɗin komawa gida a hannun wanda jaruman ba sa son roƙo.