Yadda zaka koma gudu bayan ka daɗe baka fita ba

Jama'a masu fita gudu a Bauchi, wannan naku ne, musamman wanda azumi ko zazzaɓi ko hidimar aiki ta sa ya ajiye kambas ɗinsa wata biyu wata uku, yanzu kuma yana son komawa. Abin da ya fi damuna shine yadda mutum zai dawo ranar farko ya ce sai ya yi abin da ya saba yi da, kwana uku ka ji ƙwauri ya kama ko gwiwa, shikenan an sake komawa gida.

Ga inda matsalar take. Zuciya da huhu suna saurin dawowa, cikin 'yan makonni zaka ji hakin ya ragu, amma agara da ƙashi da gaɓoɓi basa sauri haka, su sai a hankali suke sake sabawa da dukan ƙasa. To sai ƙirjinka ya ce maka ƙara wuta alhalin ƙafa bata shirya ba, anan ake jin ciwo. Don haka kar ka bi numfashi, ƙafa zaka saurara.

Satin farko da na biyu ka haɗa tafiya da sassarfa. Ka fara da tafiya mai ɗan sauri minti biyar jiki ya yi ɗumi, sai sassarfa minti ɗaya tafiya minti biyu, ka yi ta maimaitawa har minti ashirin, sau uku a sati ya isa kuma kar ka jera ranakun, ka bar kwana ɗaya a tsakani. Idan a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa kake tirenin abin ya ma fi sauƙi tunda zagaye ɗaya mita 400 ne, ka yi rabi da gudu rabi da tafiya. Ma'aunin saurin kuwa, in baka iya hira da na kusa da kai kana gudu to ka yi sauri da yawa, rage. Sati na uku sai ka juya, gudu minti biyu ko uku tafiya minti ɗaya, daga nan kana ƙara kaɗan kaɗan, masu horarwa sukan ce kar ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a sati. Hawan tudu da tsere da abokai a bari sai an yi wata guda tukunna, don Allah.

Lokaci kuma bayan asuba ya fi, balle a watan Maris da Afrilu da rana ke fitowa da zafinta. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka riƙe fiyawata ko ɗaya. Lokacin hunturu in hazo ya yi yawa mai asma ya haƙura da ranar. In kan titi ne kamar hanyar Jos ko ta Yelwa, ka bi gefen da kake fuskantar motoci da Keke Napep suna tahowa, ka sa riga mai haske, inda ka samu ƙasa a gefe ka bita ta fi kwalta sauƙi a gwiwa. Mata ku fita ku biyu ku uku ya fi kwanciyar hankali.

Duba ƙasan takalminka, in ya cinye ta gefe ɗaya canza shi, ko gwanjo ne a kasuwar Wunti indai ƙasan da sauran laushi.

Tsamin jiki na kwana ɗaya biyu ba komai bane, zai wuce. Amma ciwon da ya tsaya wuri ɗaya kan ƙashi, ko wanda ke sa ka ɗingishi, ka tsaya ka huta, in bai lafa ba a je asibiti. Wanda ya tashi daga maleriya ko taifod ya bari sai ya gama magani ƙarfi ya dawo. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara ganin likita, kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin gudu ya tsaya nan take a kai shi asibiti, wannan ba'a jira sai gobe.